Ku bar ɗura wa mai naƙuda jiƙo, zuciyar jinjiri ba ta ɗauka

Iyayenmu mata na Damagaram, kakanni da uwayen miji, da ku nake. Kullum abu ɗaya muke gani a ɗakin haihuwa na asibiti: a kawo mace ta kwana tana naƙuda a gida, an ɗura mata jiƙon saiwoyi, wata ma har an kira mai allura ya yi mata allurar naƙuda a ɗaka. A ɗora abin saurare a ciki, a ji zuciyar jinjiri tana ja da ƙyar, ko a ji shiru.

Zuciyar ɗan da ke ciki tana bugawa sau 110 zuwa 160 a minti. Mai lafiya bugunsa yana ɗan hawa yana ɗan sauka, in ya motsa ya ƙaru. Duk sa'ad da mara ta murɗa, jinin da ke kai masa iska ta mabiyiya yakan ragu, sai ta saki ya huta. Jiƙo da allura su ke hana shi wannan hutun: murɗa na bin murɗa, fiye da sau 5 cikin minti 10. Jinjiri ya galabaita, mahaifa ma tana iya fashewa. Wannan kuke kira taimako?

Shi ya sa ungozomar likita take saurare kowane minti 15 zuwa 30, in an fara yunƙuri kuma kowane minti 5. Minti guda cur take ƙirgawa, tun ciwo na kai har bayan ya lafa. In bugun ya faɗi ƙasa da 110 ya ƙi dawowa, sai ta juyar da uwa ta ɓarin hagu, ta sa ƙarin ruwa, ta nemi likita tun da sauran lokaci. A gida wa zai ji wannan?

Na san tausayin ɗiyarku ne ya sa, ba mugunta ba. Amma don Allah ku bari. Ku bar jiƙon nan!

Ciwo ya kama, ku ɗauki katin awo ku taho asibiti, ko daga Zango ne ko daga Mirya. Faya ta fashe, ruwan ya fito kore, ko jini, ko motsi ya ragu, kada a jira gari ya waye. In kuwa an riga an ba ta wani abu, ku faɗa mana mene ne, da ƙarfe nawa aka ba ta.