Gyaran Rubutu a Talabijin Mai Aikin Allon Kwamfuta

Talabijin da aka jona wa kwamfuta ta wayar HDMI yana iya nuna duk abin da allon kwamfuta zai nuna, amma rubutu kan fito dishi-dishi, ko ya yi ƙanƙanta har sai an matso, ko kuma gefen hoton ya yanke. Ba lalacewa ba ce. An ƙera talabijin ne domin hoto mai motsi da ake kallo daga nesa, don haka yakan yi wa duk hoton da ya shigo masa kwaskwarima kafin ya nuna shi. Fim yana amfana da wannan kwaskwarima, rubutu kuwa cutuwa yake yi. Gyaran hawa biyu ne, kuma ba a tsallake na farko: a sa kowane ɗigo da kwamfuta ta aiko ya sauka a kan ɗigo ɗaya na talabijin, sannan a ƙara girman rubutu daidai da nisan mai kallo.

A gidajen Hausawa mazauna Makka, Madina da Jidda, talabijin, ko shasha kamar yadda aka fi kiransa a can, yakan kasance a liƙe a bangon ɗakin baƙi, ana zaune a ƙasa ko a kan matasai nisan mita biyu zuwa uku. A kansa ake buɗe Absher, dandalin hukumar Saudiyya na intanet, a duba lamarin iƙama, a kansa yara suka bi darussan Madrasati, dandalin karatu ta intanet da ma'aikatar ilimi ta Saudiyya ta ƙaddamar a 2020, kuma ɗalibai da yawa a kansa suke karanta littattafan da aka ɗauki hotonsu. Duk wannan aikin karatu ne, yawancinsa kuma da Larabci.

Yawan ɗigo da girman allo

Hoton allo tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. Talabijin da ke kasuwa galibi kashi uku ne: masu 1366×768, waɗanda galibi ƙanana ne na inci 32, masu 1920×1080, da masu 3840×2160 da ake kira 4K. Girman allo ba ya ƙara yawan ɗigo, sai dai ya buɗa su. Allon kwamfuta na inci 24 mai 1920×1080 yana da ɗigo kusan 92 a kowane inci. Talabijin na inci 43 mai wannan adadin yana da 51 kacal, na inci 32 mai 1366×768 kuwa 49. A ɓangaren 4K, inci 43 yana ba da kusan 102, inci 55 yana ba da 80, inci 65 yana ba da 68.

Lafiyayyen ido yana daina rarrabe ɗigo ɗaya daga maƙwabcinsa a wani nisa da ake iya lissafawa: a raba 3438 da yawan ɗigon inci guda, amsar tana fitowa a inci. Talabijin 4K na inci 43 yana yin sumul daga santimita 85, na inci 55 daga kusan santimita 110, amma na inci 43 mai 1920×1080 sai an ja baya zuwa santimita 170. Shi ya sa wanda zai ɗora talabijin a tebur ya zauna dab da shi, 4K na inci 43 ne ya fi dacewa da shi. Mai 1366×768 bai dace da aikin tebur ba ko kaɗan.

Hawa na farko: ɗigo a kan ɗigo

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ga rubutu ƙanana sai ya rage yawan ɗigon da kwamfuta ke aikawa, misali daga 1920×1080 zuwa 1280×720. Rubutun yana ƙara girma, gaskiya ne, amma talabijin dole ya shimfiɗa kowane ɗigo a kan ɗigo ɗaya da rabi, gefen haruffa ya narke. A bar kwamfuta a kan ainihin adadin talabijin, girma a neme shi ta wata hanya.

Masu laftof suna faɗawa wannan rami ba tare da sun sani ba. Idan aka zaɓi allon biyu su nuna abu ɗaya, Windows kan bi adadin da dukansu za su iya ɗauka, sai laftof mai 1366×768 ya ja babban talabijin ƙasa. A danna maɓallin Windows tare da P, a zaɓi Extend ko Second screen only.

Sai yankewar gefe. Tun zamanin talabijin mai ƙusumbi, tashoshi kan bar ƙazanta a bakin hoto, saboda haka talabijin kan ɗan zuƙo hoton ya zubar da kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na kowane gefe. A kwamfuta wannan yana cinye sandar ƙasa da maɓallin rufe taga, kuma ko da abin da ya yanke bai dami mutum ba, zuƙowar ta riga ta ɓata daidaiton ɗigo a allon gaba ɗaya. Ana kashe ta a saitin girman hoto na talabijin. LG na kiran wurin Just Scan, Samsung Fit to Screen ko Screen Fit, Sony Full Pixel, Sharp kuma Dot by Dot. Manhajar katin hoto ta kwamfuta ma tana da hanyar tsuke hoton ya shiga allo, amma wannan rufa-rufa ce kawai: kwamfuta ta matse, talabijin ya buɗa, rubutu ya sha wahala sau biyu.

Wasu talabijin masu 1366×768 suna shaida wa kwamfuta cewa suna karɓar 1920×1080. Suna karɓa ɗin, amma matsewa suke yi. A gwada 1366×768 ko 1360×768. Idan ta tsohuwar wayar VGA aka haɗa, a nemi Auto Adjust a saitin talabijin domin ya daidaita siginar.

Launi da ake ragewa

Domin rage nauyin bidiyo, ana aika hasken kowane ɗigo cikakke amma a haɗa ɗigo biyu ko huɗu a launi ɗaya. Cikakken launi shi ne 4:4:4, rabi 4:2:2, kwata 4:2:0. A fim ido ba ya lura. Baƙin rubutu a kan fari ma yakan tsira, domin bambancinsa na haske ne. Amma jan rubutu a kan baƙi, ko shuɗi a kan ja, sai ya yi kamar tawadar da ruwa ya taɓa. Wanda ke karanta mushafi mai launukan tajwidi zai ga matsalar nan take, domin jan harafi da kore su ne suke fara jirkicewa.

Talabijin da yawa ba sa nuna 4:4:4 sai an gaya musu kwamfuta ce a jone. A shiga jerin mashigai, a sauya sunan ko alamar mashigar HDMI ɗin zuwa PC. Wannan mataki ɗaya yakan kashe rabin kwaskwarimar da ke ɓata rubutu.

A 4K akwai ƙarin sharaɗi. HDMI 1.4 yana ɗaukar gigabit 10.2 a daƙiƙa, wanda bai wuce 4K mai sabunta hoto sau 30 a daƙiƙa ba, ko sau 60 da launin 4:2:0. HDMI 2.0 na 2013 yana ɗaukar gigabit 18, shi ne mafi ƙarancin abin da zai ba da 4K sau 60 da cikakken launi. HDMI 2.1 na 2017 ya kai gigabit 48. Dole kwamfuta da waya da talabijin duk su iya, kuma yawancin talabijin suna zuwa da wannan ƙarfin a kashe. Samsung na kiransa Input Signal Plus, ko HDMI UHD Color a tsofaffi. LG HDMI Ultra HD Deep Colour. Sony Enhanced format. Ana kunna shi ga kowace mashiga daban, kuma a wasu talabijin mashiga ɗaya ko biyu ne kawai suke da shi. A nemi waya mai shaidar Premium High Speed. Idan ta zarce mita biyar, hoton kan riƙa ɗaukewa ko ƙananan fararen ɗigo su riƙa walƙiya. Ƙananan adaftocin USB-C masu araha da yawa suna tsayawa a sau 30, alamarsa kuwa kibiyar linzami ta riƙa tafiya da ƙyar.

Tura hoto ba waya, ta Miracast da makamantansa, matse hoton yake yi kamar bidiyo. Ya isa kallon hotuna, bai isa dogon karatu ba.

Kaifi da sauran kwaskwarima

Saitin Sharpness ba ya ƙara wa hoto komai. Farin layi yake zanawa a gefen duk abu mai duhu, sai harafi ya fito da inuwa, ɗigon da ke kusa da juna su haɗe. A rage shi har farin layin ya ɓace. A wasu talabijin wurin da ba ƙari ba ragi sifili ne, a wasu tsakiyar ma'auni ne, ƙasa da nan kuma dusashewa ake samu, don haka a sa rubutu a allo ana kallo yayin da ake ragewa. A kashe rage hayaniyar hoto, da bambancin haske mai sauya kansa, da santsin motsi, wato TruMotion a LG, Auto Motion Plus a Samsung, Motionflow a Sony. Idan linzami na jinkiri a kunna Game Mode.

Akwai kuma ma'aunin baƙi da fari. Kwamfuta na amfani da 0 zuwa 255, bidiyo 16 zuwa 235. Idan kwamfuta ta aika da gajeren ma'auni talabijin na jiran cikakke, baƙi ya koma toka-toka, rubutu ya kwanta. Idan akasin haka ne, siraran layukan jadawali masu launin toka su ɓace cikin fari. Gefen biyu su zama iri ɗaya: Black Level ko HDMI Black Level a talabijin, da saitin ma'aunin launi a manhajar NVIDIA, AMD ko Intel.

Hawa na biyu: girma daidai da nisa

Sai bayan an gama duk wannan ake taɓa girma. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na allon kwamfuta, ISO 9241-303, ya nemi tsawon babban harafin boko kada ya gaza minti 16 na kusurwar gani (minti ɗaya a nan kashi ɗaya ne cikin 60 na digiri), ya kuma fi son 20 zuwa 22. A aikace, a raba nisan zama da 170. Mai zama a santimita 60 yana buƙatar harafi mai milimita 3.5, mai mita biyu kusan milimita 12, mai mita uku kusan 18. Ana iya aunawa da rula a jikin allo.

Windows na ɗaukar ɗigo 96 a inci a matsayin kashi 100 cikin ɗari, ga mai zama nisan kamu ɗaya da ɗoriya, wato wajen santimita 70. Saboda haka a raba ɗigon incin talabijin da 96, a raba nisan zama da santimita 70, a ninka amsoshin biyu. 4K na inci 43 a mita ɗaya yana ba da kashi 150. Na inci 55 a mita biyu yana faɗawa tsakanin 225 da 250. Na inci 65 a mita uku yana son 300. Na inci 43 mai 1920×1080 a mita biyu yana son 150. Wurin sauyawa yana cikin Settings, System, Display, Scale. Wannan lissafi yana mayar da rubutu girman da aka saba gani a tebur ne kawai. Dattijo ko mai raunin gani ya ƙara mataki ɗaya.

Girma yana cin fili. 4K a kashi 200 yana barin filin aiki daidai da 1920×1080, a kashi 300 kuwa 1280×720, inda wasu tagogi ke zarce allo har maɓallin amincewa ya ɓuya a ƙasa. Idan aka kai nan, gara a tsaya a 250, a shiga Accessibility a ja ma'aunin Text size, wanda ke kaiwa kashi 225 kuma rubutu kawai yake ƙarawa. A wurin ne kuma ake ƙara girman kibiyar linzami a sauya mata launi. A burauza, Ctrl da alamar tarawa na ƙara girma, Ctrl da sifili na mayarwa, kuma burauza tana tuna girman kowane shafi. Alamomin fuskar kwamfuta suna girma idan aka riƙe Ctrl aka murza tayar linzami. Maɓallin Windows da alamar tarawa na buɗe madubin ƙara girma, Windows da Esc na rufe shi. Tsofaffin manhajoji da ke fitowa dishi-dishi bayan an ƙara girma ana gyara su ta Properties, Compatibility, Change high DPI settings.

Larabci da ƙugiyar boko

Ma'aunin da aka ambata na haruffan boko ne, Larabci ya fi shi buƙata. Haruffan ba, ta, sa, nun da ya a tsakiyar kalma jikinsu ɗaya ne, ɗigo ne kawai ke raba su, kuma a ƙaramin rubutu kowane ɗigon harafi bai wuce fiksel ɗaya ko biyu ba. Wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a da shadda sun fi haka sirantaka. Ajami mai cikakken wasali haka yake. Salon rubutu ma yana da tasiri: Traditional Arabic yana fitowa ƙarami da siriri a lambar da Tahoma ko Segoe UI ke fitowa ɓaro-ɓaro, shi ya sa ake rubuta shi a 16 ko 18. A Hausar boko kuwa, ƙugiyar ƙ, ɗ da ɓ ce ke fara ɓacewa, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. Gwaji mai kyau shi ne a rubuta layi ɗaya na Larabci mai wasali da layi ɗaya mai ƙugiyoyi, a maimaita su da ja a kan baƙi, a koma inda aka saba zama. Idan ana iya ƙirga ɗigo uku na harafin sa (ث) ba tare da an runtse ido ba, saitin ya yi.

Tsarin ƙananan ɗigo da haske

Kowane fiksel ya ƙunshi ja, kore da shuɗi. ClearType na Windows yana sassauta gefen harafi bisa zaton ja ne a hagu, shuɗi a dama. Talabijin da yawa jerinsu a juye yake, sai a ga ja-ja ko shuɗi-shuɗi a gefen haruffa. A rubuta ClearType a wurin bincike, a bi matakan ana zaɓar samfurin da ya fi tsabta. A allon OLED, wanda kowane fiksel nasa ke ba da haske da kansa, na LG yana da ƙarin farin ɗigo, QD-OLED kuma jerinsa kusurwa uku ne. A kansu gefen launin ba ya gushewa gaba ɗaya, sai dai girman kashi 150 zuwa sama yana rage shi sosai. Apple ta kashe irin wannan sassautawa tun macOS Mojave a 2018, don haka a Mac girma ne kaɗai magani.

Talabijin kan zo da hasken da aka tanada domin shago. Farin shafi a inci 55 da wannan haske yana gajiyar da ido cikin ɗan lokaci, musamman da dare. Abin da za a rage shi ne Backlight ko OLED Light, ba saitin da ke taɓa baƙi ba, har farin allo ya yi kusa da farar takarda a ɗakin. Mai OLED ya sa sandar ƙasa ta riƙa ɓuya da kanta, ya kuma sa allo ya mutu bayan minti biyar zuwa goma ba aiki, domin abin da ya daɗe a wuri ɗaya yana iya barin tabo na dindindin.