Yadda tsohon lofe ya zama kayan nema a Turai da Amurka

Wai mutum ya cire kudinsa ya sayi lofen da wani ya sha shekara da shekaru har ya mutu ya bari, ya zauna yana kankara yana gogewa, abin kamar wasa amma fa harka ce babba yanzu. Asalinta daga icen ne. Da can na laka ake sha a Turai, da ya fadi kasa shike nan, sai wajen shekarun 1850 masu sassaka a garin Saint-Claude na Faransa suka fara yi da kututturen saiwar wani icce da ake kira briar, wanda ke fitowa a gabar Bahar Rum, su Kosika da Italiya da Aljeriya. Iccen nan wuta ba ta cin sa da sauri, shi ya sa lofe zai yi shekara 100 yana nan garau.

Matsalar bakin ne, wato inda ake sa wa a baki. Da bakar roba mai tauri ake yin sa wadda aka hada da farar wuta, to in ya sha rana da yawu sai ya koma kore-kore, ga daci. Ciki kuma toka ta daskare ta yi kauri har tana iya tsaga kwaryar.

Da sigari ya kwace kasuwa, ga kuma likitoci na ta gargadi kan cutar daji tun rahoton babban likitan Amurka na 1964 (lofen ma dai bai tsira ba, yana jawo ta baki da makogwaro), sai masu sha suka yi ta raguwa, lofuna suka koma cikin durowa. Magada ne suka rika fito da su gwanjo, da eBay, kasuwar gwanjo ta intanet, ta zo a 1995 kuwa sai kasuwar ta bude sosai.

Gyaran kansa ba wani injin kirki yake bukata ba. A kankare tokar a hankali, a cika kwaryar da gishiri a diga sifirit a bar shi ya kwana, da safe za ka ga gishirin ya koma ruwan kasa ya zuke dattin da warin tsohuwar taba. Bakin a bi shi da samfefa mai laushi har baƙinsa ya dawo, sannan a shafa kakin carnauba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya a Barazil.

Inda rigimar take shi ne tambari. Dunhill, wanda ya bude shagon taba a Landan a 1907, yana buga lamba a wuyan lofe da ake gane shekarar da aka yi shi, Peterson, kamfanin lofe na Dublin, shi ma da tambarinsa ake kiyasta zamani. Sabon shiga sai ya dora kan injin gogewa yana son sheki, kafin ya ankara rubutun ya shafe, kudin lofen ya zube. Ni dai ina bayan masu cewa a bar masa tsufansa, a tsabtace ciki da baki kawai, wuyan nan kyalle mai laushi ya ishe shi.