Ma'anar "barazanar ƙarewa": tsakanin kwaɗon Nimba da madobiya

A gidajen rediyon Yamai ana yawan jin cewa wata dabba ko wata bishiya tana fuskantar barazanar ƙarewa, kuma masu saurare da dama suna ɗauka cewa abin ya ragu ne har ana iya ƙirga shi da yatsu. Ma'anar ta fi haka faɗi. Kalmar ta fito ne daga ma'aunin UICN, ƙungiyar kare muhalli ta duniya, wadda tun 1964 take tattara jerin halittun da ake tsoron su shuɗe daga doron ƙasa, kuma cikin abubuwan da take dubawa akwai ƙuncin mazaunin halitta da saurin raguwarta.

Kwaɗon dutsen Nimba ya shiga jerin ta hanyar farko, wato ƙuncin mazauni. Ɗan ƙarami ne da bai wuce gaɓar yatsa ba, yana zaune cikin ciyawar ƙololuwar dutsen da ya haɗa iyakokin Gini, Kodebuwa da Laberiya, kuma babu shi ko'ina a duniya sai can. Abin mamaki, ba ya saka ƙwai a ruwa kamar kwaɗin tabkunanmu, macen takan ɗauki ciki wajen wata 9 sannan ta haifi ƴaƴa cikakku. Dutsen kuwa cike yake da tama, saboda haka duk ramin da masu haƙar ƙarfe suka buɗe wani yanki ne na gidansa ɗaya tilo.

Madobiya ba ta da wannan ƙunci, domin tana nan daga Senegal har Kamaru, kuma wanda ya san dazukan Gaya a kudancin Nijar ya ga furenta rawaya a lokacin hunturu, ya ga makiyaya suna sassabe rassanta don shanu idan ciyawa ta ƙare, ya ga jan ruwan da ke fita daga jikinta kamar jini idan gatari ya taɓa ta. Shi ya sa wani zai ce ai tana da yawa. A nan ne nake ganin kuskuren ya fi haɗari, domin ma'aunin yana duba ko nau'in zai ragu da rabi cikin zuriya uku, ita kuwa bishiya ce mai jinkirin girma da ake sarewa a loda zuwa Sin don yin kujeru da gadaje masu tsada. Wannan sara ne ya sa CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, ta ɗora wa cinikin katakonta sharuɗɗa a 2016, UICN kuma ta saka ta cikin masu fuskantar barazana a 2018.