Titin Amurkawa a Braunton Burrows: ku je ku gani, amma ku bar ƙarfen yashi a inda yake

'Yan'uwa mazauna Ingila, musamman abokan aikina na jinya da kula da tsofaffi a yankin Devon, sanyi ya ja baya, na kuma san da yawanmu za mu kwashi yara zuwa bakin teku. Wanda ya nufi Saunton Sands, ga magana kafin ya ɗaure takalmi.

Bayan wannan gaɓa akwai tuddan yashi masu faɗi da ake kira Braunton Burrows. Yau wurin shan iska ne, ga furannin daji iri sama da 400, ga jajayen shanun Devon suna kiwo. A 1943 kuwa, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, filin atisaye ne. Sojojin Amurka, ƙarƙashin Laftanar Kanar Paul Thompson, sun kafa sansanin horo a nan da Woolacombe, saboda yashin wurin da yadda teku ke cika yana janyewa sun yi kama da gaɓar Normandi ta Faransa, inda suka sauka ranar 6 ga Yuni, 1944. Dubban samari ne suka koyi kai farmaki a nan, kuma da harsashi mai rai aka yi horon.

Sawunsu bai ɓace ba. Doguwar hanyar nan mai tsakuwa da ta miƙe daga arewa zuwa kudu, har gobe sunanta Titin Amurkawa, domin su suka faɗaɗa ta don motocin yaƙi. Can kudu, wajen Crow Point inda kogunan Taw da Torridge ke haɗuwa, akwai daɓen kankare da aka zuba da siffar jiragen ruwa na sauke sojoji. A kansa ake koyon fitowa da gudu daga cikin jirgi. Na taɓa tsugunawa na shafa rubutun da wani soja ya zana tun simintin yana ɗanye, lambar rundunarsa ce, 146. Sai da tsigar jikina ta tashi.

To ga inda gizo ke saƙar. Tudun yashi ba ya zama wuri ɗaya. Iska ta binne abu shekara tamanin, guguwar hunturu ɗaya ta tono shi. Shi ya sa har yanzu akan ci karo da tsofaffin harsasai da rokoki, a kira masu kwance bam su zo su tarwatsa su. Tsatsa ba ta kashe bam, sai ma ta sa ya ƙi jure taɓi. Bara ɗan maƙwabciyata ya zaro wani ƙarfe daga aljihu muna cikin mota, yana murna: "Anti, duba abin da na tsinta!" Allah ya taƙaita, kwanson harsashi ne fanko. Amma daga ni har uwarsa babu wadda ta san haka sai daga baya, kuma yaron ya yi awa guda yana tsalle da shi.

Don haka idan kun ga ƙarfe mai siffar kwalba, ko bututu, ko mai fikafikai a gindi, kada ku taɓa, kada ku shure shi da ƙafa, kada ku tona don ganin sauransa. Ku ja yara nesa, ku lura da wurin, ku buga 999 ku nemi 'yan sanda, ko masu gadin teku in a gaɓa ne. Ba wanda zai tuhume ku in ya zamana tsohon bututun ruwa ne. Ku kuma karanta allunan gargaɗi, domin sojojin Birtaniya na atisaye a wani sashe har yanzu. Wanda tsohuwar waya ta yanka, ya wanke ciwon da ruwa mai tsabta, ya bincika ko rigakafinsa na tetanus, wato ciwon sarƙewar haƙora, ya cika.

Kankaren nan da rana ta gasa, macizai ma na son shan hantsi a gefensa. Macijin nan mai zane kamar haƙoran zarto a baya, ɗan'uwan kububuwa ne, kodayake dafinsa bai kai nata ba: rabon da ya kashe mutum a Birtaniya tun 1975. Duk da haka, don Allah a bar al'adarmu ta gida a gida. Ba ɗaurewa da tsumma, ba tsaga, ba tsotsa, ba baƙin dutse. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a hana wurin motsi, a nufi sashen gaggawa.

Kun dawo gida, ku duba bayan kunne, hammata da bayan gwiwar yara ko kaska ta maƙale. A cire ta da hantsaki daga dab da fata, a ja a hankali, ban da ashana ko man shafawa. Idan bayan kwanaki ko makonni jan da'ira ta fito tana faɗaɗa a wurin, ko zazzaɓi ya biyo baya, ku ga likita ku ce masa kun je Braunton Burrows, domin ya duba cutar Lyme, wadda kaska ke yaɗawa.