Yaron da ya warke daga ciwon daji, a riƙa duba zuciyarsa

Iyayen da suka yi jinyar yaro mai ciwon daji, ko na ƙoda, ko na jini, ko wanda ke kumbura muƙamuƙi, da yawansu ba za su manta da wani jan ruwa da ake sa wa yaron ta jijiya ba, wanda har fitsari yake rinawa kwana ɗaya ko biyu. Sunansa doksorubisin. Magani ne na gaske, ya ceci yara masu yawa, kar wanda ya ƙi shi saboda wannan rubutu. Sai dai yana iya barin tabo a zuciya, tabon da kan yi shiru shekara 10 ko 20 kafin ya nuna kansa.

A cikin ƙwayoyin naman jikinmu akwai wasu ƙananan murahu da ake kira mitokondiriya. Nan ake ƙona abincin da muka ci da iskar da muka shaƙa, a sami ƙarfi. Zuciya na bugawa kusan sau 100,000 a rana, ba hutu, shi ya sa wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙwayar namanta waɗannan murahu ne. Jan maganin yana manne musu, ya lalata wasu, kuma ƙwayar zuciya in ta mutu da wuya wata ta maye gurbinta. Haɗarin ya fi yawa ga wanda aka ba magani mai yawa, da wanda bai kai shekara 5 ba lokacin jinya, da wanda aka gasa wa ƙirji da hasken asibiti mai kashe ciwon daji.

Abin da ya fi damuna a wurin aiki shi ne takardu. Ana dawowa daga jinya a Yamai da murna, a jefa takardun asibiti ƙasan akwati, gara ta cinye. Bayan shekaru saurayi ya zo yana haki, a tambayi abin da aka ba shi, uwa ta ce "ruwa dai aka riƙa sa masa". Baba, Inna, ku adana takardar da ke ɗauke da sunan magani da yawansa kamar takardar gona. Da ita likita zai san ko duk shekara 2 za a yi hoton zuciya da ake kira eko, ko duk shekara 5.

Ƴa mace kuwa, in za a yi mata aure ko ta sami ciki, a faɗa wa ungozoma tun awon farko cewa an taɓa ba ta wannan magani, domin ciki na ƙara wa zuciya aiki sosai. Kunun kanwa na jego ma a tambayi likita tukuna, gishirinsa na tara ruwa a jiki.

Sai tausayin da ke cutarwa: a hana yaro ƙwallo, a hana shi langa, a ce zauna kai ba ka da lafiya. Zama na ƙara raunana murahun nan, motsa jiki kuwa na sa tsoka ta ƙera sababbi. In likita ya duba ya yarda, a bar shi ya taka zuwa makaranta, ya hau keke, ya yi wasa da yamma in zafin Maraɗi ya sauka. Ɗaukar kaya mai nauyi sosai ne ke buƙatar izinin likita, taba kuwa kar ya kusance ta.

Idan ya fara haki a ɗan tafiya, ko ƙafa ta kumbura, ko ya kasa kwanciya sai ya jingina, ko zuciya na dukan uku-uku ba dalili, a kai shi asibiti ranar, da takardun a hannu.