Mene ne nod a tsarin talabijin na waya?

A Maradi yawancinmu da faranti muka saba kallon tashoshin waje: a kafa shi bisa soro, a saita shi da tauraron ɗan'adam, shi ke nan. Amma tun da maganar wayar fibir, wato zaren gilashi mai ɗaukar saƙo ta haske, ta yawaita, samari masu koyon aikin sadarwa suna yawan cin karo da wata na'ura da ake kira nod. A kanta talabijin na waya, wanda shirye-shiryensa ke zuwa gida ta kebul ba ta faranti ba, ya dogara a ƙasashe irin su Amurka, Beljiyam da Holan.

Nod akwati ne na alminiyam, rufaffe ruf, da ake ratayawa a turken waya ko a sa shi cikin ma'aji a bakin titi. Shirye-shirye suna tasowa daga cibiyar kamfani a matsayin haske cikin zaren gilashi. Nod ke karɓar hasken ya mai da shi siginar lantarki, ya zuba a wayar tagulla, babbar yayar wadda ke saukowa daga farantinka, ita kuma ta rarrabu zuwa gidaje. Abin da ke fitowa daga gidaje, kamar saƙon intanet, nod ya mai da shi haske ya koma cibiya. Wutar da yake ci ma ta wayar tagullar take zuwa, bolt 60 zuwa 90.

Kyawun aikinsa yana farawa daga yawan hasken da ya iso gare shi. Da dBm ake auna shi, kuma 0 dBm daidai yake da miliwat 1, wanda kusan nan ne nod na gargajiya ya fi so. Duk raguwar dB 3 rabin hasken ne ya tafi. Haske mai zangon nanomita 1310 yana rasa kamar dB 0.35 a kowace kilomita, mai 1550 kuma kamar 0.2. Ke nan a kilomita 10 na farkon ya zubar da fiye da rabin ƙarfinsa, ba a ma lissafa asarar mahaɗai, wato wuraren da ake haɗa zare da zare ko da na'ura, ba. In haske ya yi kaɗan, hoto ya riƙa daskarewa yana farfashewa. In ya yi yawa, sai idon na'urar ya cika, tashoshi su shiga gurɓata juna. Sabon ma'aikaci yakan ɗauka ƙarin haske ƙarin kyau ne, kuma nan ake yawan ɓata aiki.

Yanayinmu ma ba ya raga wa irin wannan kaya. Hanyar da haske ke bi cikin zaren kaurinta maikiron 9 ne kacal, gashin kai ya ninka ta sau da yawa, don haka ƙwayar ƙurar hunturu ɗaya a bakin mahaɗi ta isa ta rage haske. Zafin bazara kuwa, in ya haura digiri 40, yana ƙara asarar sigina a wayar tagulla, shi ya sa ake son na'urorin da ke daidaita ƙarfinsu da kansu.

A ganina inda aka fi gane gwanin ma'aikaci shi ne hanyar komawa. A tsarin gargajiya saƙon gidaje yana bin zangon megahaz 5 zuwa 65 a Turai, 5 zuwa 42 a Amurka, kuma rediyon gajeren zango da dattawanmu ke kama labaran Hausa da shi a cikin wannan tsakanin yake. Mahaɗi ɗaya ya saki a gida ɗaya, ko ɓera ya ɓare waya, sai hayaniya ta samu ƙofa. Kamar yadda ƙoramu ke kwararowa cikin Gulbin Maradi da damina, kowace da dattinta, haka hayaniyar duk gidajen ke taruwa a nod guda, intanet ɗin unguwa ya yi nauyi alhali talabijin lafiya lau.

Da can nod ɗaya yakan ɗauki gidaje 500, wani wurin har 2,000. Tun da DOCSIS, ƙa'idar tura intanet ta kebul ɗin talabijin, ta fito a 1997 aka fara tura intanet ta wannan waya gadan-gadan, kamfanoni suke ta raba unguwa biyu ko huɗu, kowane ɓangare da nasa nod. Gidaje kaɗan a kan nod yana nufin hayaniya kaɗan da rabo mai tsoka ga kowa, sai dai kowane sabon ɓangare yana buƙatar ƙarin na'urori a cibiya, wani lokacin har da jan sabon zare.