Ma'anar lambar kiran ƙasa da yadda aka raba ta shiyya-shiyya

Duk mazaunin Aboabo ko Asawase a Kumasi da yake da dangi a Kano, ko abokin cinikin albasa a Nijar, ko ɗa mai neman abinci a Italiya, ya saba ganin alamar tarawa da wasu alƙaluma a gaban lambar mai kiransa. Waɗannan alƙaluman farko su ne lambar kiran ƙasa, kuma aikinsu shi ne su shaida wa na'urorin sadarwa ƙasar da za a kai kira kafin a nemi mai wayar a cikinta. Ta Ghana 233 ce, ta Najeriya 234, ta Nijar kuwa 227. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, mai hedikwata a Geneva, ita ce take raba su, ita ce kuma ta ƙayyade cewa lamba gaba ɗayanta kada ta wuce alƙaluma 15.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne alƙalami na farko, domin tun shekarun 1960 aka kasa duniya shiyya tara, kowace da nata. Lamba 1 ta Amurka ce da Kanada da tsibiran Karibiyan da dama, 2 ta Afirka, 3 da 4 kuma na Turai, shi ya sa Faransa take da 33, Italiya 39, Birtaniya 44, Jamus 49. Meziko da Kudancin Amurka suna ƙarƙashin 5, Indonesiya da Ostareliya da maƙwabtansu 6, Rasha 7, Sin da Japan 8. Shiyya ta 9 ita ce alhazai da 'yan kasuwarmu suka fi sani, domin a nan Saudiyya take da 966, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa 971, Indiya 91, Turkiyya 90.

Rabon Afirka ne ya fi jan hankalina. Masar da Afirka ta Kudu kaɗai suka sami alƙaluma biyu, wato 20 da 27, sauran duk uku-uku. Idan aka bi jerin daga 221 zuwa 229, za a tarar da Senegal, Muritaniya, Mali, Gini, Kodebuwa, Burkina Faso, Nijar, Togo da Benin, dukansu ƙasashen da Faransa ta yi wa mulki. Daga 231 zuwa 234 kuwa Laberiya ce da Saliyo da Ghana da Najeriya, masu gudanar da harkokin gwamnati da Ingilishi. Saboda haka Ghana, wadda take iyaka da masu 225 da 226 da 228, a jerin lambobi Najeriya maƙwabciyarta ce ta kusa, kamar dai yadda fataken goro suka daɗe da haɗa Asante da ƙasar Hausa. Jerin yana karɓar baƙo har yanzu, domin da Sudan ta Kudu ta sami 'yanci a 2011 an ba ta 211. Akwai kuma 'yan wurare da aka cusa a shiyyar alhali ba a nahiyar suke ba, irin su Girinlan mai 299.

Sanin wannan tsari yana kare aljihu. Lambar da ta fara da 1 ba lallai daga Amurka take ba, domin Jamaika ma 1 ce sannan 876, kuma 'yan damfara sukan yi wa mutum filashin da baƙuwar lambar waje don ya mayar da kira kuɗinsa su ƙare.

Kuskuren da ya fi yawa a zangonninmu shi ne na sifili. Sifilin da yake farkon 024 ko 032 na cikin gida ne, ana cire shi idan an sa 233, haka ma 0803 ta Najeriya takan koma 234 sannan 803. Lambobin Nijar ba su da wannan sifilin tun asali, alƙaluma takwas ne kawai. Ita kuwa alamar tarawa, tana maye gurbin lambar fita waje ce, wadda a Ghana 00 ce, a Amurka 011. Maniyyacin da ya adana lambobin iyalinsa da alamar tarawa da 233 tun kafin ya bar Kumasi, zai same su kai tsaye daga Makka ko Madina ba tare da ya gyara komai ba.